Yarinyar da Ta Ɗaga Niƙabi a Shagon Maganin Chaina

Wata rana Hajiya Zuwaira ta je wani shagon maganin gargajiya na ƙasar Chaina a cikin Kano, za ta karɓi na ciwon gwiwa.

Ta tarar da wata budurwa zaune gaban mai maganin, ta ba ƙofa baya, ta sha dogon hijabi da niƙabi. Magana take yi ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron bango ya ji.

Ita kuwa mai maganin, wata mata ce da ta yi karatunta a can Chaina, Allah bai yi ta da ƙaramar murya ba. Duk abin da yarinyar ta raɗa, sai ta maimaita shi da ƙarfi.

"Farin ruwa mai wari? Da ƙaiƙayi? Kuma ya daɗe? Kika ce ƙawarki ce ta aiko ki?"

Hajiya ta taɓe baki. Kun dai san irin Hajiya, ba ta ganin hanci ta bar shi a fuskar mai shi. Ta zunguri matar da ke kusa da ita a benci, ta ce budurwa da ciwon matan aure, ai ba a banza ba. Ta ƙara da cewa ita uwar yarinyar ma take tuhuma, tana ina har abu ya kai haka?

Mai maganin ta girgiza kai. Ta ce su a tsarinsu ba a karɓa wa wani magani. Sai ta ga harshen mai ciwon da idonta, ta riƙe wuyan hannunta ta ji bugun jini.



Can yarinyar ta miƙa hannu. Sannan ta juya wajen hasken ƙofa, ta ɗaga niƙabin.

Rumasa'u ce.

'Yar farin Hajiya Zuwaira, cikin hijabin aro.

Wallahi da ƙasa za ta tsage, da Hajiya ta riga kowa shiga. Matar bencin nan kallo kawai ta bi ta da shi.

Da ma Hajiya irin iyayen nan ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta zama hira da ita, "ke" ce sunanta tun tana goye. Har alfahari take yi da hakan a gidan biki.

A bakin shagon ta riƙo hannun 'yar tata.

"Ke, me ya hana ki gaya mini?"

"Umma, ko sunana ba kya faɗa. Ta ina zan fara wannan maganar? Kuma na ji abin da kika ce a benci. Shi nake gudu."

Ashe yarinyar ba ta taɓa sanin namiji ba. Ciwo ne kawai, irin wanda kan sami kowace mace. Ta sha saiwoyi, ta sha garin maganin da ake tallansa a waya, tana wanke kayanta a ɓoye tana shanya su a bayan ƙyaure.

Ita kanta mai maganin ta ce kada su tsaya a kanta, abin ya daɗe, su je asibiti a yi gwaji tukuna.

Suka je. Likita ta duba, ta ce an yi sakaci, sai an daɗe ana magani, amma da sauran dama. Sannan ta dubi Hajiya.

"Ke ce mahaifiyarta? Tun yaushe abin ya fara?"

Gida ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci.

Amma Hajiya ba ta san yaushe abin ya fara ba.

Darasi: Kunya ado ce, amma kunyar da ta hana 'yarki kawo miki ciwonta ta zama cuta. Ba kowane ciwon mace ne shaidar lalata ba, kuma magani, na Chaina ne ko na gida, ba ya maye gurbin gwaji.

Tura wa wata uwa. Wataƙila tata 'yar tana ɗaki yanzu, tana neman ta inda za ta fara.