Saitin bakan da na gwada a bayan sito a Jidda

Ana sallame sallar asuba muka bar Ningi, ni da wani malamin makaranta da muka yi niyyar umara tare. Hanyar Birnin Kudu ba ta ba mu wahala ba, sai dai direbanmu irin masu gaisawa da kowane rami ne, ba ya wuce ɗaya bai leƙa shi ba. A Kano muka karya da ƙosai da kunu, mai ƙosan tana ganin jakunkunanmu ta ƙara kuɗi, wai mai zuwa Makka ba ya ciniki. Da jirgi ya ɗaga kuwa, ni da nake kwana a daji ba ko gezau, sai ga ni na riƙe hannun kujera ina karanto duk addu'ar da na sani, malam yana ta yi mini dariya.

Ibada ce ta kai ni, amma akwai wata buƙata da na ƙulle a gefen zuciya. Gidanmu gidan maharba ne, kwari da baka muka gada. Ni dai noma nake yi, rogo da gyaɗa, kuma gadu ya sa gonata a gaba. Wani abokina ya taɓa kawo mini bakan zamani daga waje, irin mai ƙananan tayoyi a bakinsa biyu. A jikinsa ake ɗaura saiti, wato ɗan zobe mai tsinke a ciki, ka ɗora kan tsinken a kan dabba ka saki tsirkiya. Nawa na roba ne, ya karye tun bara. Na daɗe ina kallon masu tsada a waya ina haɗiyar yawu, an kuma ce mini a Jidda akwai su.

Mun yi umara lafiya, Allah ya karɓa. Malam ya wuce Madina da ayarinmu, ni kuma na biyo mota zuwa Jidda, kaina a aske tas, zuciyata wasai.

Yayana ne ya tarbe ni, ɗan Inna, yayar mahaifiyata. Shi ma umara ta kawo shi tun ina saurayi, ya zauna bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, ba shi da kafili mai tsaya masa. A Karantina ya yi aure ya hayayyafa, da rusau ya cinye unguwar suka kama ɗaki biyu a ɓangaren Bani Malik da abin bai kai ba. Lodi yake yi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, mai siton ya san halin da yake ciki ya kau da kai. Da wannan aikin yake ciyar da gidansa, da shi kuma yake aika wa Inna abin cefane. In aka kama shi, sai gidan tarhil, inda ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsu, matarsa da 'ya'yansa kuma a nan aka haife su.

Tun daga tashar mota na lura da tafiyarsa. Ba ya bin babban titi in akwai lungu, ba ya tsayawa a inda mutane suka taru, kuma idonsa kullum yana kan rufin motoci, yana duba mai fitila. Mutumin da ya koya mini bin sawu a dajinmu, yau shi ne yake tafiya kamar barewa. Tun a nan gabana ya fara faɗuwa, amma da muka shiga gida aka ajiye mini shinkafa bukhari da kaza, sai na manta. Da safe kuma ful, wato dafaffen wake, da tamis, burodin nan mai faɗi da ake cirowa daga tanda da zafinsa, ga shayi mai madara. Abinci a Bani Malik da sauƙi, haya ce take cin mutane.

Kantin da ake sayar da saitin yana can arewacin gari, inda tituna suke da faɗi kuma ba ka ganin mai tafiya a ƙasa. Kayan masu fita sahara ake sayarwa, tantuna da tukwane da fitilu, a can ciki kuma bakuna rataye a bango. Yaya ya tsaya kusa da ƙofa yana yi mini tafinta daga nesa, har saurayin da ke kantin ya gane ina jin Turanci ya hutar da shi.

Guda uku ya fito mini da su. Na farko mai tsinke biyar ne a jere, kowanne da nisan da aka saita masa, kan kowanne yana ƙyalli ba tare da batir ba, hasken gari yake zuƙa. Amfaninsa, ba ka taɓa komai in dabba ta fito, ka zaɓi tsinke kawai ka saki. Aibinsa, tsinkayen sun cika zoben, sai su rufe maka rabin dabbar, kuma mai rawar jiki yana iya ɗaukar na uku a maimakon na biyu. Na biyun tsinkensa ɗaya tak, fili fes, sai ka murza wani ɗan kusa a gefe ya hau ko ya sauka gwargwadon nisa. Ya fi daɗin ido nesa ba kusa ba, ƙarfensa kuma ko a hannu ka san an yi aiki. Sai dai gadu ba ya tsayawa ka gama murɗe-murɗe, da ya ji ƙaras ya ɗaga wutsiya. Na ukun shi ne ya tafi da hankalina. Babu tsinke ko ɗaya, gilashi ne da batir. Ka danna maɓalli, shi da kansa zai auna nisan abin da ka nufa, ya rubuta maka, ya kunna ɗigon haske daidai inda za ka ɗora. Ya fi sauran nauyi, in batir ya mutu a daji ka zama ɗan kallo, kuma kuɗinsa ya kai na ɗan maraƙi. Na juya shi, na ajiye, na koma kan mai tsinke ɗaya, na sake dawowa. A ƙarshe son zuciya ya yi rinjaye na ɗauki mai batir, da sharaɗin in bai yi mini ba zan dawo da shi in canza.

To, a gidanmu akwai ƙa'ida. Maharbi ba ya yanke hukunci a kan kayan harbi a cikin ɗaki. Sai ya fita da shi fili da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi ja, inuwa ta yi tsawo, domin a lokacin dabba take fitowa kuma a lokacin ido yake yaudarar mutum. Abin da ya yi kyau a ƙarƙashin fitilar kanti yana iya zama makaho a wannan haske. Na ce wa Yaya ina son fili mai nisa. Ya yi jim, ya ce a bayan sitonsu akwai wani fili da ake ajiye manyan motoci. Matarsa ta dube shi ta ce, "Ya abu iyal, uban yara, can fa kusa da mina ne, akwai duriyya." Tashar take nufi, da motar sintiri. Ya ce, "Ma'alesh, ba komai, baƙo ne, minti kaɗan ne." Kara ce ta hana shi ce mini a'a, ni kuma ɗoki ya toshe mini kunne.

Mun isa da la'asar. Unguwar sito-sito ce, ƙura da warin man dizal, daga can kuma ana hango manyan ƙarafan ɗaga kwantena na tashar sun tsaya a sama. Na fara da tayar wata mota, saitin ya rubuta nisa. Na koma kan bango, ya rubuta. Ɗigon hasken ya fito ras duk da jan rana, na ji daɗi har cikin raina. Ban san lokacin da jikina ya ɗauki tsayuwar harbi ba: ƙafa a ware, hannun hagu a miƙe riƙe da saitin, na dama a kunci kamar na ja tsirkiya. Sai na ɗaga shi sama na nufi ƙarafan tashar, don in ga iyakar nisan da yake iya aunawa.

"Sauke hannunka," in ji Yaya daga bayana, murya ƙasa ƙasa. "Kar ka waiwayo. Ba ka san ni ba."

Na sauke. Mota mai fitila a ka tana shigowa ta ƙofar filin a hankali. Ta gefen ido na ga Yaya ya sunkuya ya ɗauki wani kwali da ke yashe, ya saɓa a kafaɗa, ya bi tsakanin manyan motoci yana tafiyar mai aiki, ba sauri ba nawa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Na taɓa haɗuwa da kura ido da ido, amma ranar na san abin da zan yi da hannuna. Yau kuwa fatana kawai kada ɗaya daga cikin 'yan sandan da ke motar ya dubi wajen kwalin nan.

Su biyu ne. Ba su daka mini tsawa ba, ba su taɓa ni ba, wannan ma ya ƙara tsorata ni. Ɗaya ya miƙo hannu na ba shi saitin, ɗayan ya karɓi fasfo. Suka sa ni a mota zuwa wani ɗan ofis, aka zaunar da ni a benci, sanyin na'ura yana dukana amma gumi yana bin bayana. Wani babba mai jin Turanci ya zo ya tambaye ni mene ne wannan, me ya sa nake auna tasha da shi. Na yi bayanin baka da gadu da rogo, ina ji da kunnena yadda maganar take kama da tatsuniya. Ya sa aka kira kantin a waya. Ya danna maɓallin ya nufi bango, ya ga lamba ta fito, ya ɗan murmusa. Na fara samun numfashi ke nan sai ya yi tambayar da nake gudu: wa ya kawo ni filin?

Gashin kaina ko tsirowa bai yi ba daga askin umara. Na dubi mutumin nan na ce ni kaɗai na zo, tasi ce ta sauke ni, na ga ƙofa a buɗe na shiga. Ya daɗe yana kallona. Na san in ya sake tambaya muryata za ta tona ni. Bai sake ba. Ya ce kusa da tasha ba a nuna komai, ba a ɗaukar hoto, in sa abin a cikin babbar jaka ranar tafiya, kada a sake ganinsa a hannuna. Ya ce kuma za su yi magana da mai filin a kan ƙofar da ake bari a buɗe. Ana kiran magariba suka sallame ni.

A tasi na yi ta kiran wayar Yaya, a kashe. Na sami matarsa a tsaye a bakin ƙofa, ta dubi bayana ta ga ba kowa, sai ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ni kuwa na gwammace ta zage ni. Muna nan zaune har aka yi isha, sannan ya turo ƙofa, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Da ƙafa ya taho ta lunguna, ya kashe wayar don kada ta yi ƙara a inda ya laɓe. Abin da ya fara tambaya shi ne ko sun dake ni.

Washegari ya tafi aiki, kafin azahar ya dawo. An kira mai siton an ja masa kunne don filin nasa ne, shi kuma ya tambayi mai gadi ya ji wanda ya shigo da baƙo. Bai yi faɗa ba, ya dai ce idon hukuma ya dawo kan sitonsa, ba zai iya ci gaba da ajiye marar takarda ba, halas, shi ke nan. Na ce zan mayar da saitin in ba shi kuɗin, na kuma yi hakan, na karɓi mai tsinke biyar mafi araha a cikinsu, na damƙa wa matarsa ragowar. Ta karɓa ta ce, "Shukran, ya akhi. Wannan zai kai mu wata. Kai kana da fasfo da tikiti, in ka yi kuskure jirgi zai kai ka gida. Mu ina zai kai mu?"

Bai raka ni filin jirgi ba, don ba wurin zuwansa ba ne. A bakin lungu muka yi sallama, ya riƙe hannuna ya ce kada in gaya wa Inna, zai sami wani aikin in ƙura ta lafa.

Na haɗu da malam a filin jirgi, muka sauka Kano da hantsi, kafin la'asar muna Ningi. 'Yan'uwa suka cika gida, ana rabon dabino da zamzam, maharba abokaina suna ta juya saitin suna santi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ƙa'idar dajinku ba ta bin ka ƙasar wasu, kuma in mai masaukinka ya yi jim kafin ya ce to, wannan jim ɗin shi ne amsarsa ta gaskiya. Na iya bambance saiti uku har da aibin kowanne, amma ban tsaya na duba wanda yake tsaye a bayana ba.

Da jama'a suka ragu Inna ta jawo ni gefe, ta tambaye ni lafiyar ɗanta, ta ce aikin dai yana tafiya ko? Na ce mata yana gaishe ta ƙwarai. Ta yi murmushi ta sa mini albarka, ta ce Allah ya saka mini da na je na duba mata shi.