Ranar da Maƙiyina Ya Riƙe Mini Igiya

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai ɗauke ranar da na shiga rijiyar Dugabau, raina yana hannun mutumin da ya rantse sai ya ga bayana.

Zamanin gyaɗa ne. Mu samarin da muka raina fartanya a tashar Gwarzo muke yini. Da kaka mu yi lodin buhuna a motocin Kano, in ciniki ya ƙare kuwa sai caca da faɗa. Da abin ya ishi kowa, hukuma ta tattara mu ta raba mu ga masu sana'a. Wasu aka kai su kafinta, wasu gini, ni da wasu aka danƙa mu hannun wani dattijo mutumin Mainika mai haƙar rijiya. Baba muke ce masa.

Cikin waɗanda aka haɗa ni da su har da wani ƙaton saurayi ɗan Kabo. Mun taɓa dambacewa a kan lodi, ya fasa mini baki, na karya masa haƙori. A gaban jama'a ya ce ko ba daɗe ko ba jima sai ya rama. Tunda muka fara koyon aikin ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Da rani ya yi tsakiya aka kira mu Dugabau yasar wata tsohuwar rijiya. Mutanen garin ba su yi murna da ganinmu ba. Wani tsoho ya ja Baba gefe, amma muna ji, ya ce, "Malam, 'yan tashar nan za ka ba igiya kana ƙasa?"

Baba ya ce, "Su ne hannuwana yanzu."

Ya zura fitila don gwada iskar ƙasa, ya ga ba ta mutu ba, sannan ya sauka, don ba ya tura ɗalibi inda shi bai taka ba. Da ya isa ƙasa ya kwance igiyar ƙugunsa don ya ji daɗin aiki. Guga yana ta fitowa da baƙar laka, can sai ya daina motsi. Muka kira, shiru. Na leƙa, sai na hango shi ya zame jikin bango, kai a langaɓe. Ashe lakar da ya tona ce ta saki muguwar iska.

Nan wuri ya rikice. Mata suna salati, wasu maza suna cewa ai dama sun faɗa, mun halaka bawan Allah. 'Yan uwana ɗalibai suka karyo rassan ganye suka ɗaura a igiya suna zurawa suna jawowa, yadda Baba ya koya mana a kori iskar. Amma dole wani ya sauka ya ɗaure shi, kuma duk cikinmu ni ne marar nauyi.

Ina juyowa na ga ɗan Kabon nan ya riga ya naɗe igiya a hannunsa, ya kafa ƙafa jikin gungumen da ke gicciye a bakin rijiyar.

Na ce, "Kai za ka riƙe?"

Ya ce, "Akwai wanda ya fi ni ƙarfi a nan? Sauka, Baba ba ya jira."

Muka kalli juna. Da a ce ya sake ni, ba mai cewa da gangan ya yi. Na jiƙa rigata na ɗaure hanci, na ɗauki igiya ta biyu, na yi bismilla.

Na yi kamar rabin tafiya sai igiyar ta suɓuce. Na tafi suuu cikin duhu, na ce a raina shi ke nan, ya rama. Sai kuma na ji an fizge ni, ƙuguna kamar zai rabu biyu, na tsaya ina lilo. Daga sama na ji muryarsa a shaƙe yana cewa, "Ina riƙe da kai. Ci gaba."

Ƙasan rijiyar wari yake kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kaina yana juyawa, yatsuna sun ƙi biyayya, da kyar na zarga wa Baba igiya ta ƙarƙashin hammata na girgiza ta. Na ga ƙafafunsa suna yin sama. Daga nan ban ƙara sanin komai ba.

Na farfaɗo a kan rairayi, an riga an jawo ni sama, ana sheƙa mini ruwa. Baba yana gefe yana tari, da ransa. Ɗan Kabo kuwa yana zaune ya buɗe tafukansa, fata ta saluɓe, wata tsohuwa tana shafa masa man shanu. Ashe gungumen ne ya mirgina, igiyar ta zarce tana cin namansa, ya ƙi saki.

Na matsa na ce, "Me ya hana ka sakin igiyar?"

Ya ce, "Faɗanmu na tasha ne. Nan kuwa amana aka ba ni."

Tare muka ƙare koyo, tare muka yi ta haƙar rijiyoyi a ƙauyukan Kabo da Gwarzo har ƙarfi ya ƙare mana, da wannan sana'a muka aurar da 'ya'yanmu. Abin da na koya shi ne, yaron da aka yanke wa ƙauna sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, ba a taɓa ba shi abin riƙewa ba ne. Ka ba shi sana'a, ka yarda da shi, ka ga yadda zai riƙe.