Kalangu a Filin Tanis

Muna sallame sallar asuba munka bar Isa, mu uku: ni, da tsohon malaminmu na wasanni, da wani makaɗin 'yan dambe na unguwarmu wanda ya rantse ba a tafiyar nan ba shi. Yamai munka nufa, inda ƙasashen yankinmu ke wasanni kala-kala. Mu dai tanis ta kai mu. Wani ɗan garinmu, wanda Malam ya fara damƙa wa raket tun yana ɗan firamare, zai buga wa ƙasa wasansa na ƙarshe. Shi ko Malam, yanar ido ta rufe mishi gani, sai dishi-dishi. Ya ce mini, "Ɗana, ko a kan jaki ne za ni. In ban ga wanga ba, wanne za ni gani?"

A Sabon Birni munka sha kunu da ƙosai, sannan munka hau babura zuwa iyaka, don hanyarmu yanzu ba a yi mata sakaci, da rana ake bin ta. Daga Gidan Rumji mota ta ɗauke mu. A Madawa na sayi kilishi na jaka guda ta kuɗin sefa, wallahi bai kai tafin hannuna ba, makaɗi kuma ya cinye rabi yana kushe yajin. Galmi ko tun daga nesa warin albasa ya tarbe mu.

Duk tsawon hanya hirar da muke ke nan, ta tsohon filinmu na bayan makaranta. Simintinsa duk ya tsage, da toka muke ja mishi layi, raga kuwa komar masunta ce. Ƙwallayenmu sun sha duka har sun yi sanƙo. Mutanen gari sun ɗauki abin wani irin dambe ne na 'yan boko, shi ya sa duk yammacin da za a buga sai an zo da kalangu, ana kiɗa ana kirari muna zufa. Yau barkono ake shanyawa a wurin. Kai, ina kewar zamanin nan ƙwarai.

Washegari da hantsi munka shiga filin gasar. Shuɗi ne, sumul awa faranti, ga tutocin ƙasashe, ga 'yan kallo sun zauna tsit sai ka ce ana jiran huɗuba. Makaɗi ya dube su ya ce, "Waɗanga ba su san darajar ɗa ba." Ɗan garin namu na ɗaga ƙwallo zai yi bugun farko, sai mutumin naku ya saɓa kalangu ya kece da kirari: "Na Gobir gidan faɗa! Ɗan Isa ba ka da tsoro!" Ni ma, ba na ɓoye muku, na miƙe ina ihu.

Ƙwallo ta faɗa raga. Alƙalin wasa, daga bisa doguwar kujerarsa, ya yi magana da Faransanci, munka ɗauka gaisuwa ce, makaɗi ya ƙara wuta. Sai da wata Bazabarma da ke gefenmu ta ce, "Bayin Allah, shiru ake cewa ku yi, ko a fitar da ku." Kunya ta rufe ni. Amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da na juya na ga Malam ya karkata kai, ya kama hannun makaɗi yana cewa, "Don Allah bari. Ba ni jin ƙwallon." Ashe daga inda muke ko inuwar 'yan wasan ba ya gani. Da kunne ya zo kallo, mu kuma mun toshe mishi shi da gatanmu.

Da wurin ya yi shiru sai ƙarar bugu kawai, fau, fau, da kukan takalma. Malam ya gyara zama. Can sai ya matse mini gwiwa ya ce a hankali, "Ka ji shi nan. Wanga bugun bayan hannu nawa ne, ni na koya mishi." Hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Ni ma na yi nawa.

Namu bai ci ba. Abokin karawarsa saurayi ne mai jini a jika, shi ko ƙafa ta fara nauyi. Ana tashi ya hauro har inda muke, ya durƙusa da zufarsa ya ce, "Malam, ku yi haƙuri, ban kawo muku ba." Malam ya lalubo kansa ya dafa, ya ce, "Tashi, ɗana. Ka kawo."

Makaɗi ya yi ta kumbure-kumbure, sai da munka fito bakin ƙofa ya huce haushinsa a kan kalangu, har 'yan wasan wasu ƙasashe sunka taru suna rawa.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin yadda munka kusa hana tsoho abin da ya kawo shi, don kawai mun saba ba mu iya son mutum sai da ƙara. Tafiyar ga ta koya mini in riƙa tambayar mutum abin da yake so kafin in yi mishi gata.

Sai da munka kwana a hanya, sannan munka shigo Isa kafin la'asar. Dattawan ƙofar gidansa sunka taso suna mishi barka da hanya, ɗayansu ya ce, "To Malam, ka ga yaron naka?"

Ya ce, "Na gan shi sarai."

Ni da makaɗi munka dubi juna.