Abin da Dogo Bai Ƙarasa Ba

Shekara talatin da biyu Kafinta ya yi yana kafa ƙofofi a gidajen mutane, kuma babbar taƙamarsa ita ce bai taɓa barin aiki rabi ba. Gajere ne mai tumbi, fensir maƙale a kunne ko da ranar hutu. Sai Allah da ikonsa ya ba shi ɗa wanda sai ya sunkuya yake wuce ƙofar da uban ya kafa da hannunsa. Tun yana ɗan shekara sha huɗu kowa ke kiransa Dogo.

Abu biyu Dogo ya sa a gaba, ƙwallon kwando da wasan bidiyo, kuma duka biyun shashanci Kafinta ya ɗauke su. "Ƙato da kai kana danna roba kamar mai kashe kwarkwata," haka yake faɗa in ya ratsa ta falo. Sau uku Dogo yana gayyatarsa filin wasa, har da ranar da ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe. Duk sau ukun sai da aka sami wata ƙofa da ba za ta jira ba.

Zazzaɓin kwana biyar ya tafi da Dogo yana da shekara ashirin da huɗu.

Bayan wata biyu Kafinta ya shiga ɗakin yaron don ya ɗaure murfin kabad da ya saki. A jikin murfin ta ciki ya ga rubutun Dogo: sunayen wasanni goma sha ɗaya da ya saya, huɗu kawai ya soke. Ya so ya yi faɗan da ya saba, ya ce ko a nan ma rabi ya bari. Ranar ya fito da na'urar wasan bidiyon zuwa falo.

Matarsa ce ta koya masa wasan. Shekaru ta yi tana ninke kaya a gefen Dogo yana wasa, ashe idonta ya haddace komai.

"Ba wannan ba, Malam, na ƙasa. Ka daina matse shi, ba ƙusa ba ce."

Yatsunsa masu kanta suna danna maɓalli biyu lokaci guda. Kullum ya dawo daga shago sai ya karkaɗe ƙurar katako ya zauna awa ɗaya. Ya yi tseren mota ya daki kowane bango. Wani rami kuwa ya faɗa shi ya fi sau arba'in kafin ya tsallake, kuma a bakin ramin nan ne ya gane cewa yaron da yake kira rago ya fi shi haƙuri. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Duk wasan da ya gama sai ya zare fensirinsa ya soke shi a jikin murfin.

Na ƙarshe a jerin, wasan ƙwallon kwando ne. Da ya buɗe ya tarar Dogo ya haɗa ƙungiyarsa da kansa, ya kai ta har wasan cin kofi ya tsaya. Ga wani dogo mai fuskar Dogo sak. Kusa da shi kuma ga wani gajere mai tumbi, an rubuta Baba a bayan rigarsa.

"Wuni guda ya yi yana gyara hancinka," in ji matar. "Ya ce kada in faɗa maka."

"Me ya sa ya sa ni?"

Ta ajiye zanen da take ninkewa. "Cewa ya yi tunda ba ka zuwa kallo, gara ya sa ka a ciki."

Da suka duba sakamakon gasar, Baba ne ya fi kowa zura ƙwallo. Dogo ya yi ta miƙa masa ne wasa bayan wasa.

Sau shida Kafinta yana buga wasan ƙarshen ana cinye shi. Biyun farko rashin iyawa ne. Sauran huɗun shi ya san abin da ya yi, don in ya ci jerin ya ƙare, babu kuma sauran wani aikin Dogo da zai dawo gida ya tarar. Matar tana gani.

Wata Asabar da yamma, saura daƙiƙa uku, ƙwallo na hannun Dogo. Kafinta ya danna ba tare da ya shirya ba. Dogo ya miƙa wa Baba, Baba ya jefa, ta faɗa kwando. 'Yan kallo suka ɓarke da ihu, ƙungiyar Dogo ta ci kofi. Dogon ya rugo ya rungumi gajeren ya ɗaga shi sama, abin da Kafinta bai taɓa bari ya faru ba a falon nan. Kafinta ya yi kuka kamar ranar da aka fita da yaron.

A ƙasan allon rubutu yana ƙyaftawa, wai a danna don a wuce gaba. Su kuwa biyun suna ta rungumar juna, in sun gama su sake.

"Malam," in ji matar a hankali, "kada ka danna."

Ya ajiye abin dannawar a kan tebur. Fensirin yana kunnensa, bai taɓa shi ba.