Baba Yusha'u da Ya Nutsar da Jirgin Khairiyya

Duk mai bin bakin madatsar ruwa ta Goronyo cikin dogon hutu ya san Baba Yusha'u. In ya sha kununai da safe, sai ya saɓa filafili ya gangara, ya kwashe ruwan saman da ya kwana cikin kwale-kwalenai, ya zauna shina jiran 'yan makaranta. Shekara tara ke nan ana tara ɗalibai daga Wurno da Rabah da Goronyo, mako shida, ana koya musu ƙera ƙananan jiragen ruwa masu tuƙa kansu, kowane bai wuce kamu biyu ba, da batir da farfela da wayoyi kamar taliya. Aikin Baba guda ne. In jirgin yara ya mutu tsakiyar ruwa, ko kainuwa ta sarƙe farfela, shi za ya tuƙa ya ɗauko. Cikin takardar ma'aikata "mai kwale-kwale" anka rubuta, ko suna babu.

Alhali kuwa mutumen nan ya yi shekara arba'in shina haɗa jiragen masunta. Ba a tambaye shi ba, shi ko bai ce uffan ba.

To, bana akwai wata yarinya, Khairiyya, daga Rabah. Mahaifinta ya bar ta ta zo bisa sharaɗi: in ta komo da takardar shaida, ta ci gaba da karatun fasaha, in babu, an rufe zancen. Takardar ko ba a ba kowa ita sai wanda jirginai ya kewayo jar jarkar da anka ɗaure cikin ruwa, ya komo da kainai. Gwaji ran Alhamis. Ran Asabar jirginta na roba ya faɗo daga tebur ya dare gida biyu.

Baba ya iske ta bakin ruwa rungume da gutsattsarin, idanu sun yi ja. Bai ce ta yi haƙuri ba. Gida ya koma ya ɗauko gizago da ragowar katako. Shi ya sassaƙa, ita ta haɗa ta buga ƙusa, don ya ce jirgin da ba hannunta ciki ba nata ba ne. Ran Lahadi sunka aza shi bisa ruwa. Kafin a ƙirga hamsin ruwa ya tsattsafo ta kowace mahaɗa.

"Cire inji da batir," in ji Baba. "Ki aza mai dutse, mu nutsar da shi. Kwana ukku."

Wani ɗalibi, Khalid, ya kwashe da dariya. "Baba, jirgi muke ƙerawa ko kifi?"

"Naka da ya mutu sau biyu ina ɗauko shi, mi ne ne shi? Gawa?"

Malaminsu, Injiniya Bilyaminu, ya sosa ƙeya. "Baba, ruwan nan hwa shi muke gudu."

"Wanga katako ƙishirwa shike ji, Injiniya. In ya sha ya ƙoshi, sai ya kumbura, bakin ya haɗe. Duk jirgin da ka gani bisa ruwan ga, da haka ya fara."

Injiniya ya ce ya taɓa karanta haka, amma bai taɓa gani ba. Ya dubi yarinyar. "Jirginki ne. In kin nutsar, ba ki da sauran ranar gwadawa."

Khairiyya ta dubi tsohon, ta dubi ruwa. Ta ɗauko dutse.

Kwana ukkun nan sauran yara na ta tseren jirage, ita tana gyaran wayoyi bisa tebur. Baba kuwa, shi da ya ba da shawara, bakin ruwa ya tare. Kullum sai ya shiga ruwa har gwiwa ya laluba, ya ga ko dutsen na nan.

Ran Laraba sunka tsamo shi ya yi nauyi, sai da ta matsar da batir gaba don kada gindi ya nutse. Da safen Alhamis, kafin ta rufe murfin jirgin, Baba ya laluba aljihu ya fiddo ƙuli-ƙuli guda, ya ajiye gindin batir.

"Na mi ne, Baba?"

"Shedata ce. In ya komo da laushi, ki ce ma mahaifinki tsoho ya cuce ki."

Jirgin ya tafi a hankali, kamar tsohuwa za ta barka. Duk sauran sun wuce shi. Jirage biyu sunka mutu a hanya, Baba ya tuƙa ya kwaso su, ga shi kafaɗa ta daɗe tana mai ciwo. Na Khairiyya ya kewayo jarka, ya komo na ƙarshe, ya dunguri gaɓa. Ta buɗe, ta miƙa ma Baba ƙuli-ƙulin.

"Baba, da wane haƙori?" in ji Khalid.

"Akwai guda na ajiya."

Ya kai shi can gefen baki ya gatsa. Ƙarass. Har na nesa sun ji.

Baba Yusha'u, gwanin gizago, kafaɗa ta ce ya isa, bana ka ajiye filafili. Kai ne ka yi shekara tara kana ɗauko jiragen ɗiyan mutane, ko guda bai kwana cikin ruwa ba sai wanda ka nutsar da gangan. Kai ne ka aza mutuncinka bisa gutun katako don yarinyar da ba ka san gidansu ba. Mun gode, Allah shi ba kafaɗar nan lafiya, shi jiƙan mahaifa.

Ku masu sana'ar hannu, in kun ga yaro ya maƙale, ku yi magana ko ba a tambaye ku ba. Ku kuma malamai, ku riƙa tambayar wanda ke zaune bakin ruwa.

Khairiyya ta karɓi takardarta. Makon jiya ta aiko ma Baba da ƙuli-ƙuli daga Rabah, kwano guda, dakakke, ta ce a bar haƙorin ajiya ya huta.