Mai Makulli da Fedar da Ta Ƙi Sakinsa

Mai Makulli ake ce masa, har matarsa idan ya ba ta haushi haka take kiransa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin kantin magani da shagon tela, idan ya ware hannuwa sai ya taɓa bango da bango. Makullai ne rataye a jikin ƙusoshi tun daga ƙasa har rufi, ga injin yankan makulli a kan tebur, ga tulin kwaɗunan da aka kawo gyara aka manta da su. A wurin ƙanin mahaifinsa ya koyi sana'ar tun bai fara aske gemu ba, da ita ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'yansa mata. Hannunsa na da kyau, wannan kowa ya shaida. Matsalarsa ɗaya, ba ya tambaya, kuma ba ya bari a gama masa bayani.

"Allah Ya ba ni hannu," yakan ce wa masu jiran aiki, "kunnuwan nan kuwa na rataya tabarau ne kawai."

Zaman shago ya tara masa tumbi, bai damu ba sai ranar da aka kira shi buɗe wata ƙofa a saman bene mai tsawo. Kafin ya kai, numfashinsa ya koma kamar na tsohuwar zuga-zugi. Matar da ƙofarta ta rufe, wadda ya zo ceto, ita ce ta buga wa maƙwabta ƙofa ta aro masa kujera da ruwa. Da ya je asibiti likita ya dube shi sama da ƙasa ya ce ko dai ya fara motsa jiki, ko kuwa su saba da ganin juna.

Ƙanin matarsa, wani siriri da ake kira Dogo, ɗan tseren keke ne na gani-kashe-ni. Da ya ji labari sai ya turo masa tsohon kekensa na tsere har gida, mara nauyi, mai siraran tayoyi, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Fedarsa ba irin wadda aka sani ba ce. 'Yar ƙarama ce mai baki, ana ɗaura wani abu a ƙasan takalmi ya shige cikinta ya maƙale, ƙafa da keke su zama abu ɗaya. Kilit ake ce wa abin da ake ɗaurawar. Dogo ya miƙa masa guda biyu a leda, na roba, masu faɗi, kowanne da huda uku, haɗe da ƙusoshin ɗaure su.

"Yaya, tsaya in yi maka bayanin takalmin, don iri biyu ne, akwai na..."

"Kai Dogo, ni za ka koya wa keke? Ina tuƙa keke kana goye a bayan yayarka."

"Wannan fa ba irin wancan ba ne."

"Taya biyu ne ko uku?"

"Biyu."

"To, ka gaida gida."

Dogo ya dubi yayarsa, ta ɗaga kafaɗa. Dama tafiya ce a gabansa, washegari ya bar gari.

Mai Makulli ya nufi kasuwar kayan gwanjo ya zagaya har ya sami takalmin 'yan keke daidai ƙafarsa. Takalmi ne na kirki, mai igiya, ƙasansa gurun-gurun kamar tayar tarakta, shi kuwa wannan ƙarfin ne ya burge shi. Sai da ya dawo shago ya juya shi ya ɗora kilit ɗin a kai, ya ga abin da ya gani. Kilit na da huda uku, takalmi na da biyu, kuma biyun ma a cikin wani ɗan kwarmi suke wanda kilit ɗin ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba.

Mai hankali a nan zai ɗauki waya ya kira Dogo. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya ce a ransa kamfanin ne suka yi ha'inci, suka rage huda ɗaya. Ya ɗauko wuƙa ya fere gurun-gurun ɗin har wurin ya baje. Ya jona injin huda ya ɓula sababbin ramuka. Da ƙusoshin suka ƙi kamawa sosai, ya nemo noti daga cikin gwangwanin tarkacensa ya ɗaure ta ciki, ya bi da gam. Tela maƙwabcinsa ya leƙo ya tambaya ko ya koma gyaran takalma ne, ya ce masa a'a, kuskuren masu ilimi yake gyarawa.

Ranar hutu da hantsi ya fito ƙofar gida sanye da hular kwano da wandon da Dogo ya bar masa, wanda ya kama shi kamar an ɗura shi a ciki. Tafiyarsa kaɗai abin kallo ce, dunduniya a ƙasa, yatsu a sama, ƙwas ƙwas kamar agwagwa a kan siminti.

"Malam, haka za ka fita cikin mutane?" in ji matarsa.

"Haka ake yi."

"Wa ya ce?"

Ya dafa bango ya hau, ya danna ƙafar dama ya ji ƙas, ya danna ta hagu ya ji ƙas. Wannan ƙarar ta yi masa daɗi har cikin ƙashi, don irin ta ce yake ji idan makulli ya faɗa gidansa.

Gaskiya ita ce ya ji daɗin tafiyar. Keken na gudu kamar ba ya taɓa ƙasa, iska na shiga ta wuyan rigarsa, gidaje da bishiyoyi na wucewa. Rabonsa da jin jikinsa sakayau haka tun yana saurayi. Har ya fara tunanin abin da zai gaya wa likitan nan.

Sai ga danja ta nuna ja a gabansa.

Ya san dai ana murɗa dunduniya waje ne ƙafa ta fita, ya taɓa ganin Dogo na yi. Ya murɗa. Takalmin ya juya sumul, kilit ɗin kuwa yana nan daram cikin feda, don ƙusoshinsa sun saki, notin na juyawa tare da takalmin. Ya murɗa ta hagu, ita ma haka. Ya fizga sama, keken ya yi tangal-tangal. Nan take gumi ya keto masa. In ya tsaya ya faɗi, in ya wuce mota ta kwashe shi. Allah Ya taimake shi akwai kwana ta hannun dama, ya karya ya shige, ya sake karyawa, ya sake, sai ga shi a kan layin gidansu.

Matarsa na tsaye a ƙofa tana hira da maƙwabciya. Ya ɗaga murya: "Ke! Tare ni!"

Ta ɗago hannu tana dariya. "Sannu da ƙoƙari, Malam! A dawo lafiya!"

Ya wuce. Ya sake zagayo unguwar. Da ya sake ɓullowa, maƙwabciyar har tafa masa take yi.

"Na ce ki tare ni! Na maƙale!"

"Me ya ce?" matar ta tambayi maƙwabciya.

"Kamar cewa ya yi ya ƙware."

A zagaye na gaba ƙarfinsa ya ƙare. Ya hango sandar fitilar titi gab da gidansu, ya matse birki, ya saki kan keken ya rungume ta hannu bibbiyu kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya. Keken ya fara zamewa daga ƙarƙashinsa a hankali, shi ma ya bi sandar yana sulalewa, har ya kwanta a gefensa, ƙafafu na nan a kan feda, taya na ta juyawa a iska. Faɗuwar ba ta da ko ƙara. Daga baya yakan ce da ma da ƙarfi ya faɗi, da an tausaya masa.

Matarsa ta rugo, ta ga ba jini sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu, ta durƙusa ta kwance igiyoyin takalman ta zaro masa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Tana yi kafaɗunta na girgiza.

"Dariya kike yi?"

"Wallahi tari ne, Malam."

Da safa ya taka zuwa gida yana tura keken, takalman na reto a jikin feda.

Da Dogo ya dawo ya ga aikin, ya daɗe yana juya takalmin a hannu. Wannan karon Mai Makulli ya zauna ya kasa kunne kamar ɗalibin da aka kama yana barci. Dogo ya ce gida biyu ne, kuma ba sa auratayya. Na keken kwalta kilit ɗinsa babba ne, na roba, ƙusa uku, yana turowa waje, shi ya sa ake tafiyar agwagwa da shi. Na keken hawan dutse kuwa ɗan ƙarfe ne ƙarami, ƙusa biyu, yana ɓuya cikin kwarmin nan don mutum ya iya sauka ya taka ƙasa. Takalmi da kilit da feda dole su fito daga gida ɗaya.

"Takalmin dutse ka sayo, Yaya, fedar kuma ta kwalta ce. Kwarmin da ka fere, shi ne duk amfanin takalmin."

"To da yaya zan yi?"

"Da ka kira ni, sai in ce ka kwance fedar ka ɗaura ta dutse. Ina da su a gida suna shan ƙura. Sifana ɗaya ce aikin."

Mai Makulli ya shafa kai. "Wato na rushe gini don ƙofa ta ƙi shiga."

"Ni dai ban ce ba."

"Faɗi abinka, yau ranarka ce."

Dogo ya kawo fedar dutse ya ɗaura wa keken kwaltan, suka je tare suka zaɓo wani takalmin mai huda biyu. Kwanaki Mai Makulli ya yi a tsakanin ƙofar ɗaki, hannu a jikin bango, yana maƙalawa yana cirewa, har matarsa ta ce ƙas-ƙas ɗin nan ya fara shiga mata mafarki. Duk da haka ya sake faɗuwa sau ɗaya a gaban kantin magani, ya cire ƙafar dama ya karkata hagu. Mai kantin ya ce ko ba komai ya iya zaɓen wurin faɗuwa.

Yanzu kusan kullum da safe yana fita. Tumbin bai tafi ba, sun dai yi sulhu. Tsoron danja kuwa bai sake shi ba, tun daga nesa yake cire ƙafa ɗaya ya taho tana lilo, har abokan Dogo suka laƙaba masa Zalɓe. Ya karɓi sunan hannu biyu, ya ce ai zalɓe tsuntsu ne mai natsuwa.

Kwanan baya matarsa ta ce ita ma gwiwoyinta na so su motsa. Ta aro keken 'yarsu mai kwando a gaba, mai fedar nan ta kowa da kowa, ta hau da silifas ɗinta. Mai Makulli ya bi ta da nasiha tun daga ƙofar gida, yadda ake numfashi, yadda ake canza giya, yadda ake tunkarar hawa. Da suka iso hawan da ke bayan makaranta ya miƙe tsaye a kan feda yana nishi, hular kwano ta zamo masa kan ido. Ta wuce shi a zaune, gyalenta na kaɗawa.

A sama ya same ta ta jingina keken da bishiya tana gyara ɗankwali.

"Malam, in jira ka huta, ko in je in ɗora ruwan shayi kafin ka iso gida?"

Ya so ya ba ta amsa, numfashi ya hana. Da hannu ya yi mata alamar ta je ta ɗora.