Lokacin da Goggo Ta Daina Aikena

Duk hutun makaranta gidan Goggo, yayar babana, ake kai ni a Dandin Mahe. Kafin in ajiye jaka ta samo mini aiki. Ta tura ni niƙa, ta tura ni rijiya, ta zaunar da ni gaban tulin albasa in ware ruɓaɓɓu har hannuna ya yi kwana da kwanaki yana wari. Idan na yi nawa ta kira ni 'yar birni, alhali daga Bodinga kawai na zo. Ba na amsa mata, amma ina son hakan.

Shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare, ciwon ƙashin da nake fama da shi tun ina ƙarama ya kwantar da ni asibiti ana tsakiyar zango na uku. Da aka sallame ni, Baba ya ce gidanmu hayaniya ta yi yawa, ya kai ni wurin Goggo. Ya ce duk ranar da ta ce na warke zai zo ya ɗauke ni. A ƙarshen zangon nan ake jarabawar wucewa aji.

Ɗakin da na saba ne, tabarmar ma ita ce. Sai dai yanzu an ƙara mini filo, kuma kowa ya shigo sai ya rage murya. Matan maƙwabta suna leƙowa su yi mini sannu, su tsaya kallon ƙafafuna. Ɗiyar Goggo, wadda muke kusan sa'a, ta ce ita ma da za ta samu irin wannan hutu da ta gode wa Allah. Na rasa yadda zan gaya mata cewa mai hutu ya san ranar komawarsa.

Kowace safiya Goggo takan ja fatar idona ƙasa da babban yatsanta, ta duba ko jini ya ƙaru, ta juya tafin hannuna, sannan ta saki. Daga nan sai ta ƙwala wa ɗiyarta kira ta ba ta aike. Ni kuwa ko buta ba a cewa in miƙo.

Wata rana na ga kwanon gero an rufe shi da faifai a bakin ƙofa, Goggo tana bayan gida. Na ɗora shi a kai na fita, don ta gani da idonta cewa na warke. Injin niƙa ba nisa gare shi ba. Na wuce makarantar allo, na wuce inda ruwan sama ya kwanta a hanya, sai na kasa ci gaba. Na jingina da wani bango na zame ƙasa, ina riƙe da kwanon kada ya zube. Wata mata mai tallan nono ce ta riƙo ni har gida.

Na jira faɗa. Goggo ta karɓi kwanon, ta shimfiɗa mini zane, ta ce, "Sannu, ɗiyata. Kwanta abinki."

Ranar Juma'a Baba ya zo a babur. Suka gaisa a zaure, ina jin su daga tsakar gida. Ya tambaye ta jikin nawa, ta ba shi labarin niƙan a hankali, ta ce har yanzu idon bai yi ja ba.

"A bar ta nan ta ƙara jin ƙarhi," in ji ta. "Makaranta ba ta gudu."

Na so in ce jarabawa saura kaɗan, in ce ko a zaune zan iya rubutawa. Sai ya shigo ya dafa kaina. Ya kwance wata leda daga bayan babur ya ajiye kusa da ni, ya ce Inna ce ta haɗo mini kaya.

Bayan ya tafi na buɗe. Zannuwa ne da sabulu, a can ƙasa kuma rigar sanyina. A lokacin gero ko kai bai fitar ba, balle a yi zancen hunturu.